Baba mai gadi ya faɗa, ni kuwa ban rubuta ba

Gwaggo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, abin ya daɗe yana cina.

Ni malamin makaranta ne a Kumasi, shekarata 38. Iyayena daga wajen Bawku suka zo, amma a Zongo aka haife ni, da Hausa na buɗe baki. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, yawancinmu 'yan arewa ne, Kusasi da Frafra da Busanga, sai 'yan'uwa kaɗan daga Najeriya da Nijar. Hausa ce ke haɗa mu a sujada. Shekara da shekaru a ajin wata makaranta muke taruwa, mu jera benci ranar Lahadi, in an tashi mu mayar. Ni ne magatakardan kwamitin gini.

Shugaban kwamitin, wanda kowa ke kira Ciyaman, yana da shagunan kayan gyaran mota a Suame Magazine, ya kuma yi shekaru a Jamus. Shi ya saya mana janareta da kayan kiɗa. Kawun matata ne, kuma lokacin da aka yi mata tiyata wajen haihuwar ɗanmu na biyu, shi ya biya kuɗin asibiti tun kafin in buɗe baki in roƙa. Ba mugun mutum ba ne, Gwaggo, ina so ki san wannan tun yanzu.

Akwai kuma wani tsoho da muke kira Baba. Ya haura saba'in. Kusan shekara talatin ya yi yana noman lambu a bakin rafukan garin nan, latas da kabeji da albasa mai ganye, har aka sayar da wuraren aka yi gidaje. Yanzu gadin dare yake yi a wani shago, ranar Lahadi kuma shi ke riga kowa zuwa ya share ajin. Bai taɓa shiga makaranta ba, ba ya jin Turanci.

A watan Janairun bara, ana tsakiyar hunturu, muka je duba wani fili mai araha a bayan gari. Baba ba ɗan kwamiti ba ne, ya dai biyo mu don murna. Muna tsaye muna lissafin inda bagade zai kasance, shi kuwa ya gangara can ƙasa da sandarsa. Ya tona, ya damƙo ƙasar ya murza. Ya nuna mana kututturan tukurwa da aka sare, da ramukan ƙaguwa, da busassun ledoji da suka maƙale a rassan itatuwa daidai ƙirjin mutum. Sai ya ce, "'Ya'yana, nan hanyar ruwa ce. Ruwan tafiya ya yi, zai dawo. Ku bari watan Yuni ya zo ku sake dubawa."

Ciyaman ya amsa da Turanci cewa a Holan mutane na gini a ƙasar da teku ya fi ta tudu, balle wannan. Ya juya da Hausa ya ce Baba wurin shuka kabeji yake nema. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya. Da dare ina rubuta bayanin ziyarar a littafin kwamiti, na zo daidai wurin, alƙalamina ya tsaya. Ina tune da wannan sarai. Sai na rubuta cewa duk waɗanda suka je sun gamsu, babu mai ja.

Aka sayi filin da baikon shekara huɗu, har da abin da zumuntar mata suka tara daga sayar da koko da ƙosai, da 'yan sulallan 'yan mata masu dako a kasuwar Kejetia. A Afrilu aka zuba harsashi. A Yuni aka yi ruwan kwana biyu, bulo ya zube, simintin da muka ajiye ya zama dutse a cikin buhunansa. Aka ɗauko injiniya aka biya shi, ya zo da kwamfuta ya yi mana bayani da Turanci, kuma ba abin da ya faɗa wanda Baba bai faɗa ba. Kowa na gyaɗa kai. Ciyaman ya ce da mun sami irin wannan shawara tun farko da ba mu yi hasara ba. Baba na zaune a bencin baya, wani yaro na fassara masa. Ya sunkuyar da kai kawai. Ba wanda ya waiwaya.

Yanzu Ciyaman ya ce zai kawo tifa-tifa na jar ƙasa daga aljihunsa, a cike wurin, a zagaye da katanga, a ci gaba da gini. Rahoton injiniya ya ce cikon zai yiwu in an gina babbar magudanar ruwa, wadda kuɗinta ya fi na filin. Mutane "zai yiwu" kaɗai suka ji. Makon jiya na biya ta wurin gadin Baba, ya ce mini, "Ticha, in kun cike, ruwan ba sama zai koma ba. Gidajen da ke gangare zai shiga." Gidajen nan na talakawa ne, yawancinsu Musulmi, har da wata gwauruwa mai marayu. Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ka ce ni na faɗa. Bakina ba shi da nauyi."

Nan da mako uku za a yi taron dukan ikkilisiya, ni zan karanta rahoto. Matata ta ce in yi shiru kada in raba ta da danginta. Fasto ya ce mu sa abin cikin addu'a, na kuma san wanda ke biya masa kuɗin haya. Na yi tunanin in kawo maganar Baba kamar tawa ce, tunda ni malami ne, wataƙila a saurare ni. Hakan daidai ne? Sau biyu ke nan ana Jibin Ubangiji ina kasa miƙa hannu.

Ɗanki cikin Ubangiji,
Magatakarda, Kumasi

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma duk sau biyun a wuri ɗaya na tsaya: inda alƙalaminka ya tsaya. Dariyar da ka yi a filin ba ta da kyau, amma mutum kan yi dariya don na kusa da shi na yi. Rubutun dare kuwa kai kaɗai ne, ba Ciyaman a ɗakin, ba mai kallonka. Ka san an yi ja, ka rubuta ba a yi ba. Wannan shaidar zur ce, kuma da ita aka je wa matan da suka tara kuɗin koko. Ba don in ƙara maka nauyi na faɗa ba. Ka riga ka sani, shi ya sa hannunka ke ƙin miƙuwa, kuma ciwon da aka ƙi kiran sunansa ba a samo masa magani.

Ɗauki Littafi Mai Tsarki ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 27, ka karanta a hankali, domin kwamitinku ne a cikin jirgin nan. Ana kai Bulus Roma yana ɗaurarre, a hannun wani shugaban sojoji mai suna Yuliyas. Jirgin Iskandariya ne, ɗauke da alkama da mutum 276. Sun tsaya a wata tasha a tsibirin Karita, lokacin tafiyar teku ya riga ya ƙure. Bulus ya ce kada a tashi, za a yi hasarar kaya da jirgi, har da rayuka. Aya ta 11 ta ce Yuliyas ya fi yarda da maganar matuƙin jirgi da mai jirgin. Aya ta 12 kuma ta nuna yawancin mutane ra'ayinsu ke nan, a ci gaba.

Akwai abin da mutane kan tsallake. A wannan gaɓar ba a ce mala'ika ya yi wa Bulus magana ba, sai can tsakiyar guguwa mala'ikan ya zo. Gargaɗin farko daga sanin teku ya fito. A 2 Korantiyawa 11:25, wadda ya rubuta tun kafin wannan tafiya, ya ce sau uku jirgi ya fashe da shi, ya taɓa yin dare da yini a kan ruwa. Wato a duk jirgin da wuya a sami wanda ya fi shi sanin ɗanɗanon abin da yake tsoro. Amma sarƙa ce a hannunsa, wancan kuwa jirgi ne da shi. Yuliyas ba azzalumi ba ne, har izini ya ba Bulus ya ziyarci abokansa a Sidon. Ya dai auna maganar da rigar mai ita. Kai ma haka ka yi, ni ma na taɓa yi. Shekarun baya wata yarinya da ke taya ni aikin gida ta ce mini numfashin jikata ya canja, na ce ta je ta gama wanke-wanke. Sai da wata nas maƙwabciyarmu ta faɗa da yamma muka ruga asibiti. Allah ya tsare jikar tawa, amma har yau in na tuna jikina na sanyi.

Mai Hadishi 9:14-16 ya ba da labarin ƙaramin gari da babban sarki ya kewaye da yaƙi, wani matalauci mai hikima ya cece shi, amma ba wanda ya tuna da mutumin. Marubucin ya ce hikima ta fi ƙarfi, duk da haka ana raina hikimar matalauci, ba a jin maganarsa. Ka ga ba a Kumasi aka fara ba. Abin da ya sa ya fi zafi a wurinmu shi ne Ubangijin da muke bi shi ma an yi masa haka. A Markus 6:3 mutanen garinsu sun ji hikimarsa da kunnuwansu, suka ce ashe ba kafintan nan ba ne. Matan da suka fara kawo labarin tashinsa daga matattu, manzanni da kansu suka ɗauki maganarsu tatsuniya, Luka 24:11. Ikkilisiyar da ta tsaya a kan shaidar masunta da matan da aka raina, abin kunya ne ta zama wurin da mai share aji zai ce bakinsa ba shi da nauyi. Wannan maganar ta Baba ta fi rushewar bulo tayar mini da hankali. Wani ne ya koya masa ita, kuma a cikinku ya koye ta.

Yakubu sura 2 ya yi maganar mai zoben zinariya da aka ba wuri mai kyau, aka ce wa matalauci ya tsaya can. A zamaninmu zoben ba lalle ya kasance a yatsa ba. A wurinku Turanci ne. Kuna yabon Allah da Hausa, kuna karɓar baiko da Hausa, amma da an zo yanke shawarar inda baikon zai tafi sai a koma harshen da rabin masu bayarwa ba sa ji. Ban ce an yi da gangan ba. Amma ƙofa a rufe take ko da iska ce ta rufe ta.

Kada ka fahimce ni a karkace. Talauci ba takardar shaidar hikima ba ne, akwai tsofaffi masu surutun banza, akwai masu kuɗi masu basira. Littafin Firistoci 19:15 ya hana a goyi bayan matalauci don talaucinsa, ya hana a fifita babba don girmansa. In maganar farashin injin mota ce ko yadda ake fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, Ciyaman zan tambaya. Gaskiya ne kuma a Holan akwai yankuna masu yawa da teku ya fi su tudu, amma da madatsu da famfuna da ɗaruruwan shekaru na aiki suke riƙe da su, ba da jar ƙasa da katanga ba. Baba ya cancanci a saurare shi a kan wannan batu saboda damina talatin da ya yi yana kallon inda ruwan garin nan ke kwana. Kumasi damina biyu gare ta, babbar na kai ƙarfinta wajen Yuni, ƙaramar ta zo daga Satumba, kuma duk wanda ya zauna kusa da rafin Aboabo ko Subin ya san filin da ka gani a Janairu ba shi ne za ka gani a Yuni ba. A Accra akwai unguwar da sunanta Fadama, kalmarmu ce, waɗanda suka raɗa mata suna sun san ƙasar da suke takawa.

Yanzu tambayarka. A'a, kada ka kawo maganarsa kamar taka. Za ka iya tsare gidajen gangare da hakan, amma ka sake binne Baba karo na biyu, ka kuma tabbatar wa ikkilisiya cewa gaskiya sai ta sa rigar malami kafin a buɗe mata ƙofa. Gobe wata mai dako za ta ga abin da ba ku gani ba, ta yi shiru. Sai dai kuma ya ce kada ka ambace shi, ba ka da ikon karya wannan a bayan idonsa. Don haka wurinsa za ka fara zuwa. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ka riƙe goro ka same shi, ka durƙusa kamar yadda ɗa ke yi wa uba. Ka gaya masa ka yi dariya, wannan ya gani. Ka gaya masa abin da ka rubuta, wannan bai sani ba. Ka roƙi gafara, sannan ka nemi izininsa. In ya ƙi a ambace shi a kan maganar ciko, ka girmama shi, ka ce wa taro wani dattijo da ya san ƙasar ne ya faɗa maka, kada ka ce kai ka gano. Amma gyaran littafi ba ya cikin abin da zai hana ka, domin a gaban mutane ya yi maganar Janairu, ƙaryar kuma taka ce.

Daga nan sai Ciyaman, a gidansa, ku biyu, tun kafin ranar taro. Kada ya fara jin wannan a bainar jama'a, mutumin da ya tsaya muku ranar tiyata bai cancanci haka ba. Ka zauna da matarka tukuna ka nuna mata ba kunyata kawunta za ka yi ba, tsare shi za ka yi. Tsoronta na da dalili, kada ka raina shi. Ka tuna bayin Na'aman a 2 Sarakuna sura 5. Shugaban sojojin Suriya ne, kuturu, ya fusata don an ce ya yi wanka sau bakwai a Urdun, yana cewa kogunan Dimashƙu sun fi. Bayinsa suka matso suka kira shi uba, suka ce da abu mai wuya annabin ya ce ai da ka yi. Ba su ƙasƙantar da shi ba, ba su kuma bar shi ya koma gida da kuturtarsa ba. Tun farko ma wata ƙaramar baiwa ce da aka kamo a yaƙi ta nuna hanyar. Hausawa sun ce babu mugun sarki sai mugun bafade. Mai yiwuwa shekaru ke nan ba wanda ya gaya wa Ciyaman abin da ba ya son ji, saboda kowa na jin nauyin alherinsa. Ka ce masa, "Kawu, na yi maka laifi. Na rubuta abin da na ga kana so, na bar ka ka yi hasara." Ka nuna masa sakin layin magudanar ruwa a rahoton. In Baba ya yarda, ka roƙi Ciyaman ya zama shi ne zai kira shi gaba ranar taro. In ya yi haka girma zai ƙaru masa, kuma ina zaton ya san hakan.

Akwai aikin ƙafa a cikin mako ukun nan. Ku nemi injiniyan ya sake zuwa filin tare da Baba, kai ka yi musu tafinta, su bi hanyar ruwan tare har gidajen gangare. Ka je sashen tsara gari na majalisar yankin da filin yake, ka tambaya ko wurin na cikin hanyar ruwa a taswirarsu, da ko za su ba da izinin gini. Ba sabon abu ba ne a Ghana hukuma ta rushe ginin da ya tare ruwa, ko da coci ne. Ka duba matsayin filin a Hukumar Filaye in ba ku yi ba, domin takardar da sarkin gari ke bayarwa matakin farko ce kawai. In ta tabbata wurin ba na gini ba ne, dattawanku su koma wurin wanda ya sayar su nemi musanya da wani fuloti a tudu. Sannan ka fassara rahoton duka zuwa Hausa, ka karanta shi har ƙarshe ranar taro. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yunin 2015 a Accra, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle suka kashe mutum sama da 150. Toshewar magudanai da gini a hanyar ruwa na cikin abin da aka yi ta ambata bayan nan. Ruwan da kuka kora daga bagadenku in ya shiga ɗakin gwauruwar nan da dare, ba wa'azin da zai sake shiga kunnen unguwar, kuma da gaskiyarsu.

Fasto ma ka koma wurinsa. Addu'a wajibi ce, amma ka gaya masa a fili kana bukatar ya tsaya kusa da kai ranar. Shi ma tsoro yake ji, kuma Karin Magana 29:25 ya ce tsoron mutum tarko ne. Wataƙila jira yake wani ya fara.

Ba zan ce maka ba za ka rasa komai ba. Ciyaman na iya yin fushi, gaisuwa ta yi sanyi, a cire ka daga kwamiti, gida ya yi zafi na ɗan lokaci. Ka shirya wa wannan. Amma koma ga Yuliyas. A dare na goma sha huɗu, da ma'aikatan jirgi suka so su gudu da ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce in waɗannan ba su zauna ba ba za ku tsira ba. A wannan karon sojoji ba su nemi ra'ayin mai jirgi ba, suka yanke igiyoyin. Da sojojin suka so kashe 'yan sarƙa, Yuliyas ne ya hana don ya ceci Bulus. Jirgin ya tafi, alkamar ta tafi, amma duka 276 suka taka ƙasar Malita da ransu. Ku ma simintin ya riga ya tafi, mutanen gangare kuwa har yanzu ɗakunansu a bushe suke.

Game da Jibi, ba don marasa laifi aka shimfiɗa teburin ba. Ka je ka shirya da Baba, ka furta wa Ubangiji, ka miƙa hannunka. Kada ka bari sai Lahadi. Ka ce dare yake gadi, to ka je a daren nan ko gobe, ka tafi da littafin kwamitin da alƙalami. Ka buɗe shafin Janairu ka karanta masa abin da ka rubuta, sannan ka roƙe shi ya maimaita abin da ya faɗa a filin, ka rubuta a gefen shafin yana kallo, da Hausa, ka sa kwanan wata. Ina jiran wasiƙarka bayan taron.

Gwaggonka